Gida a Yamai, Gida a Ƙauye: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Wasiƙun wannan karo kusan duk magana ɗaya suka ɗauko: ƴan Adar mazauna Yamai da ke gina gida na biyu, ko sayen gona, a garuruwansu na jihar Tawa, da irin zaman da ke biyo baya tsakaninsu da mutanen gari. Mun miƙa su ga ma'aikatan filaye da magina da masu aikin ruwa, ga abin da suka ce.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a unguwar Wadata, Yamai: Na sayi fili a wani ƙauye na gundumar Illela daga hannun wani dattijo. Mun yi ciniki gaban shaidu biyu, aka rubuta mini takarda da hannu. Sai da na zuba dutse da yashi, ƙannensa mata biyu suka fito, wani ɗan wansa da ke Abijan ma ya yo waya, wai gonar gado ce ba a raba ba. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, kafin kome dakatar da magina. Duk bulon da ka ɗora a filin da ake gardama a kansa ƙarin asara ne in magana ta juya, kuma mutanen gari za su ɗauka ƙarfin aljihu kake nuna musu.

Takardar hannun nan shaida ce cewa ka biya kuɗi. Ba ta nuna cewa wanda ya karɓa shi kaɗai ke da filin ba. Dokar karkara ta Nijar, wato doka mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, ta yarda da mallakar gargajiya kamar yadda ta yarda da ta takarda, don haka magajin da bai taɓa riƙe ko ƙyallen takarda ba yana da haƙƙinsa cikakke. Dokar ce ta kawo kwamitocin filaye: COFOB a ƙauye ƙarƙashin mai gari, COFOCOM a ƙaramar hukuma, COFODEP a gunduma. Da ta hanyarsu ka bi, da mai sayarwa ya fara karɓar takardar shaidar riƙon gargajiya, a yi shela a masallaci da kasuwa don mai magana ya fito, a taka filin da ƙafa tare da maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, a auna, sannan a rubuta takardar sayarwa mai sa hannun mai gari da shaidu, a ajiye kofi a meri, wato ofishin ƙaramar hukuma. Shelar nan da mutane ke tsallakewa don gaggawa, ita ce da ta fito maka da matan nan biyu tun kuɗinka na aljihu.

A fiƙihun Malikiyya ma suna da ƙafar tsayawa. Mutum ba ya sayar da rabon wani, kuma ko nasa rabon ya sayar daga dukiyar da ba a raba ba, abokan tarayyarsa na da haƙƙin shufu'a: su biya ka abin da ka biya, su karɓe.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Ko magada su zauna gaban liman da mai gari a raba gadon, a yi ƙoƙari wurin da ka saya ya faɗa cikin rabon dattijon. Ko ka biya sauran magada kuɗin rabonsu, kowa ya sa hannu, matan su zo da kansu, kada wani ya ce ya wakilce su da baki. Ko a mayar maka da kuɗinka. Na Abijan ya aiko da wakilci a rubuce. Saƙon murya na WhatsApp yana taimakawa in an saurare shi gaban shaidu, amma shi kaɗai gobe ana iya musunsa. In sulhu ya gagara wurin mai gari, sai fadar sarkin kanto, wanda ke sama da masu gari, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Doka ta sa sai an bi ta wurin sarakuna kafin kotu ta saurari rigimar gona. Kai ƙara wurin jandarma tun farko shi ne kuskuren da ƴan birni suka fi yi: ba su ne masu raba gona ba, kuma ranar da motarsu ta tsaya ƙofar gidan dattijon gari saboda kai, ko ka ci shari'a ka sayi ƙiyayyar zuri'a guda.

Tunda za a sake zama, ƙara tambaya biyu: filin bai taɓa burtali ba? Kuma ina ruwa ke bi a watan Agusta? Tsofaffin mata masu zuwa itace sun fi mai sayarwa faɗin gaskiya a kan ta biyun.

Tambaya, daga wani ma'aikaci a unguwar Lazare: Gidana na wajen Buza wata goma sha ɗaya yake rufe a shekara. Duk zuwan da na yi sai na tarar da tsagewa, gara, batirin sola ya mutu. Na yi tunanin sa ɗan ƙanena a ciki. Shawara?

Amsa: Malam, gidan da ba kowa ya fi wanda ake ciki saurin lalacewa, domin ƙaramar ɓarna ba ta samun mai ganinta. Indararo ɗaya ya toshe da leda a watan Yuni, ruwa ya kwanta a rufi, kafin Satumba bango ya jiƙe har ƙasa.

Fara da ginin kansa. A yankin nan ruwa da iska daga gabas suke bugowa, don haka bangon gabas ne ke fara zaizayewa, shi za a fi ba yaɓe. In bangon ƙasa ne aka shafe da siminti kai tsaye, zai ɓanɓare, saboda ƙasa da siminti ba sa miƙewa da tsukewa tare. Sai an kafa ragar waya da ƙusa kafin shafe. Adar ba ta rasa dutse, a ɗaga tushe da shi kamar santimita 40 zuwa 50 sama da ƙasa. Indararo ya fito aƙalla rabin mita daga bango, a jera duwatsu inda ruwan ke zuba don kada ya ƙwaƙule gindin gini. Rufin kwano kuma a ɗaure katakonsa ko ƙarfensa da rodi mai lamba 6 da aka binne cikin kankaren saman bango. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe shi a iskar farkon damina. Duk wannan dubawa a watan Mayu ake yinta.

Gara tana bin katako da kwali da duk abin da ya taɓa ƙasa. Ƙofa da taga na ƙarfe, katifa a kan gado ba a daɓe ba, tabarmi a rataye, katakon rufi a shafe shi da baƙin mai. Ramukan shan iska a sa musu raga, in ba haka ba jemagu su tare a silin. Tankin ruwa a juye shi kafin tafiya. In akwai ban ɗaki na zamani, a riƙa zuba bokiti ɗaya duk mako, domin ruwan da ke tare wari a bututu yana bushewa. Batiri kuwa zama ba caji ne ke kashe shi: a bar faranti haɗe da na'urar daidaita caji, a bar ƙwan fitila ɗaya na ƙofar gida yana aiki, a goge ƙura duk mako lokacin hunturu, in mai ruwa ne a ƙara masa tataccen ruwan batiri duk wata, ba na rijiya ba.

Wannan duka yana nufin sai da mutum. A ganinmu ɗan ƙanenka shi ne zaɓi mafi wuya, ba don halinsa ba, don ranar fita. Zai yi aure a ciki, a haifi ƴaƴa, ranar da ka ce kana son gidanka gari duka zai ce ka kori jininka. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ko ma'aikacin ɗakin shan magani da aka turo garin ya fi sauƙi: yana neman wurin zama, kuma aiki zai ɗauke shi wata rana. Ko wane ne, gina masa ɗaki da ban ɗakinsa kusa da zaure, da ƙofarsa daban. A rubuta gaban mai gari ɗakunan da zai shiga, abin da za ka riƙa ba shi duk wata, da wa'adin wata uku in za a rabu, ba cikin damina ba. A faɗa tun farko cewa ɗakunanka ba rumbu ba ne. Hatsi na jawo ɓera, albasa in ta ruɓe warinta ba ya barin ɗaki, akuya kuma ba ta barin ɗan itacen da ka dasa.

Kuɗin gyara kada su bi hannu ɗaya da albashin mai gadi. Biya magini kai tsaye, mataki-mataki, bayan ka ga aikin ta bidiyo. Buhun siminti mai kilo 50 yana ba da bulo mai lamba 15 kamar 30 zuwa 35. In aka ce maka an fitar da 50, yashi aka buga maka. A shayar da bulon safe da yamma kwana bakwai kafin a ɗora.

Tambaya, daga wata Hajiya a unguwar Banifandu: Ina son in haƙa rijiyar burtsatse mai sola a gidanmu na ƙauye, in yi lambun albasa, in kuma bar mutane su ɗiba sadaka. Wasu sun ce zan jawo wa kaina rigima.

Amsa: Hajiya, Allah ya karɓa. Rigimar da ake faɗa miki gaskiya ce, amma lissafi ne ke kawo ta, kuma lissafi ke maganinta.

A ce famfonki na ba da lita 2,000 a awa, rana mai ƙarfi kuma awa shida ce: lita 12,000 ke nan a yini. In mutum ɗaya na bukatar lita 20, ruwan zai ishi mutum 600. To amma saniya ɗaya a bazara tana shan lita 30 zuwa 40. Lambu kuma, in ana ba shi milimita 6 a yini, kowane murabba'in mita na cin lita 6, rubu'in hekta mai murabba'in mita 2,500 zai sha lita 15,000. Lambun kaɗai ya fi ƙarfin rijiyar. Abin da ke faruwa shi ne a buɗe wa kowa a shekarar farko, a watan Afrilu albasa ta fara yaushi, mai gadi ya sa kwaɗo, matan da suka saba su dawo da jarka ba kome. Wanda bai taɓa bayarwa ba ba a zaginsa kamar wanda ya bayar ya janye.

Saboda haka kada ki yi wa kowa alkawari sai mai haƙa ya yi gwajin ruwa na awoyi ya ba ki a rubuce: zurfi, yawan ruwa a awa, da inda ruwan ke tsayawa in ana ja. A kai ruwan a auna shi kafin a ce mutane su sha. Ki sani kuma a Adar wuri da wuri sun bambanta ƙwarai: a kwarin Majiya ko Tarka ruwa na kusa, a kan tudun dutse ana iya tafiya ɗaruruwan mita. Dokar ruwa ta 2010 ta sa a sanar da hukuma ko a nemi izini kafin haƙa, gwargwadon girman aikin, don haka a fara da ma'aikatar ruwa ta gunduma. Suna da bayanin rijiyoyin da ke kewaye, wanda zai hana ki zuba kuɗi a busasshen rami.

In ruwan ya isa a raba, fitar da kan famfo waje da katanga, don mata su ɗiba ba tare da sallama a gidan mutane ba. A yi masa daɓen siminti da magudana zuwa rami mai duwatsu, kwamin dabbobi kuma a nesanta shi kamar mita 30, haka ma masai ya yi nisan mita 30 daga rijiyar. A tsayar da lokaci sananne, misali safe na gari, rana na lambu. A sa ɗan kuɗi kaɗan a kan jarka, kwamitin da mata ke ciki ya riƙe asusun, domin famfo zai lalace wata rana kina Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500.

Abu ɗaya da masu niyyar alheri ba sa dubawa: in garin na da shato, wato babban tankin ruwa na gari inda ake sayar da ruwa, da kuɗin jarka ake sayen mai da gyara. Ruwan kyauta a gefensa na iya karya shi, ranar da naki ya tsaya gari ya rasa duka biyun. A irin wannan gari ya fi ki zauna da masu kula da shaton, ki biya a ja bututu zuwa unguwar da ba ta da famfo ko zuwa lakwal.

Tambaya, daga wani direba a Talaje: Gonar da na gada na ba wani maƙwabci aro shekara takwas ke nan. Yanzu ina so in kewaye ta da waya in bar ta har in yi ritaya.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin waya, takarda. Je wurin COFOB tare da shi a rubuta takardar aro, da ranar farawa da wa'adi. Malaman Malikiyya na da hukuncin hauzi: wanda ba dangi ba in ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki da ita, mai ita na gani bai ce kome ba, da'awar mai ita tana raunana, sai in an tabbatar aro ne. Dalilin da ya sa magabata ke karɓar ko dami ɗaya duk kaka gaban mutane ke nan. Yau ku biyu kun san gaskiya, ƴaƴanku ne ba za su sani ba.

Barin gona ba noma kuwa doka ba ta goyon bayansa. In ta shekara uku a jere ba a amfani da ita ba tare da dalili ba, kwamitin filaye na iya ba wani ya noma, ko da yake mallaka na nan a hannunka. A garin da matasa ke tafiya bida, wato ci-rani, saboda ƙarancin gona, eka biyu a kulle cikin waya abin magana ne kullum. Sabunta aron na shekara uku zuwa biyar ya fi. Mai aron shekara ɗaya ba ya kai taki, ba ya haƙa tassa, wato ramukan shuka masu tara ruwa, a faƙo, don bai san ko shi zai ci amfanin ba. Ku rubuta cewa gawo da sauran itatuwan gonar naka ne, ba a sara, dasa sabo kuma sai da izininka.

In ka nace da waya, bar hanyar ƙafa da ta amalanke yadda ka same su. Burtali da makiyaya da mashaya, dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta sa su cikin dukiyar ƙasa, ba a sayarwa, ba a kewayewa, ko wa ya sa hannu a takardar. Bayan girbi kuma hukuma na tsayar da ranar sakin gonaki ga dabbobi. Garken da ya kwana a gonarka taki ya bar maka.

Tambaya, daga wani manomi a gundumar Keita: Wani Alhajin birni ya yi doguwar katanga a bakin gari. Tun daga nan ruwan damina gidajenmu yake shigowa, ɗakuna biyu sun faɗi. Mai gadinsa ya ce ba ruwansa. Mu talakawa ne.

Amsa: Baba, sannu da wannan asara. Gaskiya na wajenku: ba al'ada, ba addini, ba doka da ta yarda mutum ya tare hanyar ruwa ya juya shi kan maƙwabci. Ku bar mai gadi, ba shi da ikon fasa ko bulo ɗaya. Ku sa yaro ya ɗauki hoto da waya lokacin da ruwan ke gudu, ku ja layi da gawayi a bango inda ya kai. Ku sami babban Alhajin a cikin dangi, wa ko kawu, ku je tare wurin mai gari, a kira shi a waya gaban kowa. Sau da yawa mai gidan bai ma sani ba, domin a rani yake zuwa.

Gyaran ba shi da tsada: a buɗe kafofi a gindin katangar, kamar santimita 40 a faɗi da 20 a tsayi, duk mita biyu zuwa uku a inda ruwan ke bi, a sa rodi don dabbobi, a shimfiɗa dutse a magudanar. Ku nemi meri ta turo ma'aikacin da ya san aikin ruwa ya nuna wurin. A rubuta ranar gamawa, kafin Yuni, da abin da zai bayar na ɗakunan da suka faɗi. Kada ku fasa da kanku da dare, nan take mai gaskiya ke komawa mai laifi.

Tunda ƴan birni sun fara sayen bakin garinku, ku zauna da mai gari tun yanzu a ware filin maƙabarta da na idi da na lakwal, a rubuta a COFOB. Wanda yunwar Yuli da Agusta ta matsa, ya yi jingina ko haya a rubuce maimakon sayarwa, domin a lokacin ne ake sayen gona da arha.

Tambaya, daga wani Alhaji a Bukoki: Duk Sallah in na je, tun asuba zaure cike yake da masu bukata. Na fara jin nauyin zuwa.

Amsa: Alhaji, ba za a daina ba, amma ana iya tsara shi. Ranar da ka sauka, kai za ka fara zuwa gaisuwa, da ƙafa: mai gari, liman, dattawan gidanku, gidajen da aka yi rasuwa bayan tafiyarka. Yanke abin da za ka iya a shekara tun kana Yamai, ka raba shi biyu: na dangi, wanda zai bi ta hannun dattijo ɗaya ko dattijuwa a asirce, da na gari, wanda zai shiga abu sananne kamar bankin cimaka, a sayi hatsi da kaka yana da arha a fitar da shi tsakiyar damina. Kada ka yi alkawari a taro, kowa zai riƙe shi da adadinsa. Zakkar gonarka, dami ɗaya cikin goma in noman damina ne, ɗaya cikin ashirin in na ban ruwa ne, a garin ake fitar da ita, ba a loda ta zuwa birni. In sunanka na cikin takardar harajin gidanku, biya ta hannun mai gari a kan lokaci.

In kana da aikin gini, ɗauki ƴan garin, ka biya abin da ake biya a garin, ranar da aka yi aikin. Ka sa shi tsakanin Disamba da Afrilu. Wanda ya ninka kuɗin lebura a lokacin noman farko, ma'aikatan gonakin maƙwabtansa ya kwashe, ciyawa kuma ba ta jiran a gama zuba kankare.